Yadda ake gwada babbar wuƙar daji kafin ka yarda da ita

Duk wanda yake shiga daji, mafarauci ne ko makiyayi ko mai kwana a gona lokacin kaka, ya san ƴar wuƙar aljihu mai naɗewa bata isa ba, dole sai da babba mai kube a ƙugu. Matsalar dai yawancinmu da ido muke saye. Aga tana walƙiya, aga girmanta, a shafa bakin da babban yatsa ace kai wannan ai aska ce, a zaro kuɗi a biya. Alhali kaifin ranar saye ba abin da yake gaya maka, ko wane irin ƙarfe aka wasa da kyau zai aske gashi a ranar farko. Abin da kake nema ka sani shine bayan ta ci itace ta ci igiya ta gogi ƙashi me ya rage a bakinta, kuma mariƙin yana nan daram ko ya fara rawa. Wannan kuwa sai an gwada, kuma a gida ake gwadawa a natse, daga aiki mai sauƙi zuwa mai tsanani, ba sai ka tsinci kanka a dokar daji da magariba sannan ta karye maka a hannu ba.

Gwajin farko tun a gaban mai sayarwa yake farawa. Ka juya wuƙar ka kalli mariƙin ta sama da ta ƙasa. Abin da kake so ka gani shine ƙarfen ruwan wuƙar ya zarce har ƙarshen mariƙi da faɗinsa, an manna katako ko ƙaho ko roba hagu da dama an ɗaure da ƙusoshi, kana ganin layin ƙarfen a tsakiya tun daga sama har ƙasa. Irin wannan itace ta aikin ƙarfi. Akwai kuma wadda jelar ƙarfen siririya ce an cusa ta cikin katako, yawancin wuƙaƙen maƙeranmu haka suke, kuma ba wai basu da kyau bane, don yanka da fiɗa sun wadatar, kai har wuƙar Ka-Bar ɗin nan da sojojin ruwan Amurka suka zaɓa a 1942 jelarta ba mai faɗi bace, zoben fata aka jera a kanta. Amma in faskare da sara kake nufi to mai cikakken ƙarfe ka nema. In mariƙin a rufe yake baka ganin komai, ka sa maganaɗisu mai ƙarfi ka bi jikinsa a hankali, inda ya daina ja to kusan nan ƙarfen ya tsaya. Ƙusoshin ma ka lura, wasu na ado ne kawai an liƙa kawunansu da gam. Su kuwa masu ramin mariƙin nan da ake kwance murfi a ga ashana da allura da kamfas a ciki, masu arha ɗin, dan Allah ka wuce su, ɗan noti ne kawai yake riƙe da ruwan wuƙar, sara biyu uku ya rabu.

Sai ka miƙe ta a gaban idonka ka kalli tsawonta daga mariƙi zuwa tsini, ko ta karkace. Ka duba inda ruwan wuƙa ya haɗu da mariƙi a cikin hasken rana, nan ne tsaga take ɓuya, siririya ƙwarai. Ka riƙe ruwan da tsumma ka murɗa mariƙin, ko ƙis bai kamata kaji ba.

Yanzu maganar ƙarfe, kuma anan zan ɗan daɗe don nan ne ran wuƙar yake. Kashi biyu ne a taƙaice. Akwai baƙin ƙarfe mai tsatsa, irin wanda kamfanoni ke rubuta wa 1095, wato sinadarin kabon ɗinsa kusan kashi 0.95 cikin ɗari, yana ɗaukar kaifi sosai kuma baya wahalar wasawa ko da dutsen bakin rafi ne, illarsa tsatsa. Akwai kuma silba marar tsatsa wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam da yawa, sama da kashi 10 cikin ɗari, irin 14C28N da kamfanin Morakniv na ƙasar Suwidin yake sawa a wuƙarsa Garberg. In ka ga an rubuta kawai wai bata tsatsa amma ba lambar ƙarfe ko ɗaya, yawanci mai laushi ne. Maƙeranmu kuma mafi yawa da tsohon sifirin mota suke yi, kuma kar wani ya raina shi, ƙarfe ne mai jure duka, yawancinsa dangin 5160 ne, da shi maƙeran Nepal suke ƙera wuƙarsu kukri da duniya ta sani. Aibinsa ɗaya, sifirin da ya gama shan wahala a ƙarƙashin tirela yakan zo da ƴan tsagogi a ciki da ido baya gani, sai an fara aiki su buɗe.

Amma sunan ƙarfe rabin zance ne, sauran rabin ban ruwa ne. Maƙeri zai gasa ƙarfen ya yi ja sannan ya tsoma a mai ko a ruwa ya taurare, a wannan lokacin ya yi tauri fiye da kima, in ya faɗi akan dutse ma zai iya fashewa, don haka sai an sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 zuwa 230, har bakin ya yi launin busasshen kara, sannan taurin ya sassauto ya samu juriya. In ya zarce ya koma shuɗi to ya yi laushi da yawa ga bakin wuƙa. Wanda ya tsallake wannan ɗumamawar ta biyu wuƙarsa zata riƙa ɓarewa, wanda bai gasa sosai ba tun farko tasa zata riƙa lanƙwashewa. Kamfanoni suna auna wannan da ma'aunin Rockwell, zaka ga an rubuta HRC, wuƙar aikin ƙarfi tsakanin 56 da 60 take zama, Ka-Bar 56 zuwa 58 suke cewa. Mu da bamu da injin awo, magagari ne ma'auninmu. Ka nemi izinin mai kaya, ka ɗan goga sabon magagari kusa da kaifin a can gindi inda bazai ɓata ta ba. In ya nutse yana cin ƙarfen cikin sauƙi yana zubo da gari, bata sha ruwa ba, ajiye ta. In yana zamewa yana ɗan kama kaɗan kaɗan, madalla. Ka gwada wajen tsini da tsakiya ma in an barka, saboda a wutar maƙera sau da yawa wani sashe ya fi wani gasuwa. Maƙerin da ya yarda da aikinsa shi da kansa zai miƙo maka magagarin.

Kauri da tsawo ba sai na ja zance ba. Kaurin baya milimita 4 zuwa 5 ya ishi kusan kowa, akwai irin Becker BK2 da ta haura milimita 6, da wuya ta karye amma nauyinta zai gundure ka kuma a yankan albasa sai dai ta fasa. Tsawon ruwa inci 5 zuwa 7. In ka wuce haka to adda kake nema, ka sayi adda kawai ta fi arha ta fi iya aikin. Ka ɗora ta akan yatsa ka ga inda take daidaita, in wajen mahaɗar mariƙi ne zata yi daɗin sassaƙa, in ta rinjaya gaba zata fi sara.

Toh an kawo ta gida. Kafin komai ka wasa ta da kanka. Dalili kuwa, injin wasawa na kamfani ko na masu wasa wuƙa a kasuwa yana zafafa siririn bakin har ya ƙone ya yi laushi ko ya yi gautsi, in ka yanke hukunci da wannan bakin na farko zaka iya zaluntar wuƙa mai kyau. Ka cinye shi a dutse da ruwa, kusurwa kamar digiri 20 zuwa 25 kowane gefe, har sai kaji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya juyo ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, ka juya kayi ɗayan, sannan ka goge a bayan tsohon bel na fata. Ka ɗauki takardar littafi ka riƙe a sama ka yanka, ta wuce sumul ba yagewa. Wannan takardar ka ajiye irinta da yawa, itace alƙalinka, bayan kowane gwaji zaka dawo kanta.

Gwajin igiya shine na riƙe kaifi. Ka samo igiyar rama ko ta kaba mai kauri, ka ɗora akan katako, ba akan siminti ba, ka yi ta yankawa gunduwa gunduwa da sashe ɗaya na bakin kana ƙirgawa. Duk bayan yanka goma ka koma kan takarda. Inda ta fara yaga takarda ka rubuta adadin. Shi adadin kaɗai bashi da ma'ana sai ka kwatanta, don haka ka ɗauko wata wuƙa da ka riga ka sani, ko ta mahauta ce, ka wasa ta iri ɗaya ka yi mata gwajin da igiya ɗaya. Nan zaka san ko sabuwar ta cancanci kuɗinta. In ba igiya, kwalin indomi ma yana dakusar da wuƙa da sauri, yayi.

Daga nan sai sassaƙa, kuma wannan gwajin na mariƙi ne fiye da na kaifi. Ka sami reshen darbejiya ɗanye ka fiƙe turaku, ka yi musu gaɓa ta ɗaure igiya, sannan ka ɗauki busasshen itace ka feffere shi siriri siriri irin na hura wuta. Kar ka yi minti biyu ka tashi, ka zauna kamar rabin awa kana yi ba hutawa, saboda mariƙin da ya yi daɗi a kasuwa anan yake nuna halinsa, zaka ji wata ƙusa tana cin tafin hannu, ko gefen ƙarfen da ya fito yana gurzar yatsa, ko kuma ya yi siriri har hannu yana ƙagewa. Ka jiƙa hannunka da ruwa ka ci gaba, sannan ka shafa ɗan man gyaɗa ka sake riƙewa, don ranar fiɗa hannunka jini ne da kitse. In tana zamewa kuma babu ƴar katanga tsakanin mariƙi da kaifi da zata tare yatsa, wannan babban aibi ne, yatsu huɗu ake yankewa a haka. Kuma don Allah kar ka sassaƙa a tsakanin cinyoyinka, akwai babbar jijiyar jini a cikin cinya wadda in ta yanke mintuna kaɗan ne, ka ɗora gwiwar hannu akan gwiwa ka yi aikin a gaba, ko ta gefe, kuma yara su matsa.

Sai sara. Ka fara da ɗanyen reshe mai kaurin hannu, kana sara a karkace hagu da dama ba a miƙe ba. In ta wuce wannan sai ka kawo busasshen marke ko ƙirya, itatuwan da ko gatari yana jin su, ka sara sosai kamar sau ashirin talatin. Yanzu ka tsaya ka fita rana ka kalli bakin kai tsaye. Kaifi mai lafiya baya mayar da haske, duk inda ka ga ɗigon walƙiya to wajen ya taɓu. Ka ja farce daga baya zuwa bakin a kowane gefe, in farcen ya maƙale a gefe ɗaya bakin ya kwanta ne, alamar laushi. In kuma ka ga ƴan giɓi an ɓantare, ya yi tauri da yawa ko kuma ka wasa shi siriri fiye da ƙarfinsa. Kafin ka yanke mata hukunci ka ƙara buɗe kusurwar kaɗan ka sake gwadawa, sau da yawa shikenan maganin. In ta sake ɓarewa to laifin ban ruwa ne. Ni a wajena wadda ke ɗan kwanciya ta fi wadda ke ɓarewa sau goma, don ta farkon minti biyu a dutse ta miƙe, ta biyun kuwa sai ka cinye ƙarfe da yawa kafin giɓin ya ɓace, a daji kuma ba ka da wannan lokacin.

Faskare shine gwaji mafi tsanani da na yarda a yi. Ka tsayar da guntun itace wanda kaurinsa bai kai tsawon ruwan wuƙar ba, yadda tsinin zai leƙo ta ɗaya gefen, ka ɗora kaifin a kai, ka riƙa dukan bayanta da wani itacen, kana danne mariƙin ƙasa don kar ya ɗago. Itace kawai, ba guduma ba, ba dutse ba. Ka sa katako a ƙasa kar ta faɗa cikin tsakuwa in ta ratsa. In ta maƙale a ƙulli kar ka murɗa ta gefe, nan wuƙaƙe suke karyewa, ka fiƙe ɗan itace ka buga a tsagar ta saki. Amfanin wannan a damina yake fitowa, lokacin da duk itacen da ka samu a jiƙe yake amma cikinsa a bushe. Bayan ka gama ka sake miƙe ta a ido, ka sake murɗa mariƙi, ka duba mahaɗa. Wuƙa mai siririyar jela kar ka yi mata wannan da babban itace, ba don shi aka yi ta ba.

Tsini kuma, ka caka shi cikin katako kamar rabin santimita ka ɗan banƙara gefe ya ɓalle ɓawon, ka maimaita ta ɗaya gefen. Bai kamata ya lanƙwashe ko ya karye ba. Iyakar nan. Masu bidiyon nan da suke saran bulo da ƙusa da ƙofar mota, ko su maƙale wuƙa a bango su taka, kallo kawai suke nema, ba abin da ya koya maka game da aikin da zaka yi da ita, kuma kai da kuɗin guminka ka saya.

Kar ka manta yawancin aikin wuƙar daji abinci ne. Ka yanka albasa da tumatir da ita, ka fere dankali, in an yi yanka a gida ko lokacin layya ka karɓi fiɗa da ita ka gani ko cikinta yana da lanƙwasar da zata bi fata ba tare da tsinin yana huda tumbi ba. Ka raba gaɓoɓi ta mahaɗa, amma kar ka sari ƙashin ƙafar sa da ita, wannan aikin gatarin mahauta ne. Da yawa daga manyan wuƙaƙen da suka ci gwajin faskare anan suke faɗuwa saboda kauri.

Wannan yankan shi zai kai ka ga gwajin tsatsa. Bayan albasa ko lemon tsami ka barta minti goma baka goge ba. Baƙin ƙarfe zai yi duhu, toka toka ko shuɗi shuɗi, wannan ba komai, har ma yana ɗan kare ta. Jar tsatsa mai cin rami itace abin gudu. Wadda aka ce maka bata tsatsa kuwa in ta yi ɗigo ɗigo a wannan ɗan lokacin ka san an yi maka ƙarya. Mai baƙin ƙarfe sai ya saba da gogewa da shafa mai, man kaɗanya yana yi sosai tunda zaka yanka abinci da ita, baƙin mai na inji kam a'a. In kana son ƙyasta wuta da ita, bayan baƙin ƙarfe mai tauri yana ba da tartsatsi a jikin dutsen ƙanƙara irin ƙyastun da, silba baya yi.

Kube mutane suke rainawa, kuma shine yake raunata mutum ko ya ɓatar masa da wuƙa. Ka sa ta ciki ka kifa akan katifa ka girgiza, in ta zubo to zata zubo a bayan babur. Ka ɗaura a ƙugu ka tsuguna, ka zauna, ka yi ɗan gudu, ka ji ko tana dukan cinya ko mariƙin yana tokarin haƙarƙari. Ka duba ɗinkin, kuben kirki akwai wata tsiririyar fata da ake sawa a tsakanin ɗinki ta gefen kaifi don kar wuƙar ta yanke zaren, in babu ka kai wa baduku ya sake maka, dukawanmu sun iya wannan fiye da yawancin kuben leda da ke zuwa da na waje. Ka matsa ƙarshen kuben a jikin katako ka tabbata tsini baya leƙowa. Kuma kar ka adana baƙin ƙarfe a cikin kuben fata wata da watanni musamman da damina, fata tana riƙe laima.

Mariƙin katako ko ƙaho yana da wani gwaji da sai lokaci ne yake yi, hunturu. In iska ta bushe katakon yana tsukewa, ƙusoshi su saki, wani ma ya tsage, don haka in da damina ka saye ta ka sake dubata a watan Janairu, ka shayar da katakon mai.

Na ƙarshe a jerin, ka koma kan dutse da ita a dakushe ka ga minti nawa zata ɗauka ta dawo tana yanka takarda, da ɗan dutsen da zaka iya sawa a jaka ba babban na gida ba. Akwai ƙarafan zamani masu tsada da suke daɗewa basu dakushe ba amma in sun dakushe sai dutsen daimon, irin waɗannan ga mutumin da zai yi sati a rugga ko a bakin tafki wahala ce.

In zaka ba wasu labarinta, ka faɗi abin da ka yi da ita dalla dalla, wane itace, wace igiya, ka wasa ta kafin gwaji ko a'a, da wace wuƙa ka kwatanta, da girman hannunka tunda mariƙin da ya cika maka hannu wani zai yi masa yawa. Ka faɗi aibinta ko da kana sonta, in kuma kyauta mai sayarwa ya baka ka faɗa. In ta waje ce mai suna ka tabbatar ba jabu bace kafin ka zagi kamfanin, jabun sun cika kasuwa, farashin da ya yi arha fiye da hankali da rubutun da ya karkace su suke tona su. Sannan in zaka fita da ita zuwa wajen gwaji ka naɗe ta a cikin jaka tare da sauran kayan aiki, kar ka rataya a ƙugu a cikin gari, da halin da ake ciki na faɗan daba da ƙwacen waya jami'an tsaro ba zasu tsaya sauraron bayanin ban ruwa ba.